Tarwaɗar Kwami

Zuwa ga Uwata, babbar 'yata, wadda yanzu ake ce wa Likitar Kifi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta uba da 'yarsa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu ma nan lafiya lau, ko da yake ba ki tambaya ba.

Tela ne ke rubuta min wannan takarda a shagonsa. Ina zaune a kan buhun ƙyallaye, shi kuma ya ɗaga ƙafa daga keken ɗinki. Na ce masa abin da ya fito daga bakina shi zai sa, kada ya yi wa maganata kalmasa kamar bakin zani. Wayar da kika aiko tana cikin kwanon marigayiya innarku, a rufe. Ba na son ta. Da na fara faɗa sai ki ce, "Baba, sabis ya ɗauke." Takarda ba ta ɗaukewa.

Katan ɗin kifin gwangwanin da kika aiko ya iso. Na buɗe ɗaya na miƙa wa mage, ta shinshina, ta dube ni, ta fita. Sauran suna bayan ƙofa suna tokare ta. Ni da na fara kamun kifi tun ban iya ɗaura wando ba, ni za a aiko wa kifi marar kai a cikin ƙarfe?

Bari in tuna miki abin da kika yi, tunda masu ilimi saurin mantuwa gare su. Tashar nukiliyar bayan tsauni ta yi aman tokarta, ruwan sama ya sauko da ita a kanmu. Ba mu ne muka gina ta ba, ko ƙwan lantarki ɗaya ba ta taɓa haska mana ba. Sai ga ku da fararen riguna da wannan akwatin awo mai kukan gyare. A duk faɗin bakin tafki ba ku ga inda za ku kafa allon hana kamun kifi ba sai a jikin turken jirgina. Ranar taro a makarantar firamare na miƙe na ce ruwa ya washe, ana ganin tsakuwar ƙasa. Kika karɓi lasifika a gaban masuntan da suka goya ki, kika ce, "Abin da Baba ya faɗa ba haka ba ne." Sunan mahaifiyata na sa miki, shi ya sa ban ce komai ba. Har yau in na wuce teburin mai shayi sai wani ya yi tari ya ce, "Ba haka ba ne."

To ki sani ban zauna ba. Kin san kwamin siminti na bayan gida, kusa da rijiya. Tun kakana, in an kamo tarwaɗa mai warin laka, sai a sake ta a ruwan rijiya, a hana ta abinci, ana sauya ruwan. Kafin mako ya zagayo ta amayar da duk dattin cikinta, namanta ya yi fari tas. Kin ci wannan kifi har kika yi wayo, da ƙarfinsa kika yi karatun da kike zagina da shi. Abin da ya fitar da laka zai fitar da tokarku. Na ma ninka musu zaman, don kada a ce ban ji maganar hukuma ba.

Ba na ɗaukar ƙanana. Manya nake zaɓa, tsofaffi masu gemu kamar nawa, waɗanda suka yi ƙwarin da guba ba za ta kama su ba. Ƙanwarki Auta tana nan wurina tun da mijinta Direba ya tafi doguwar hanya, cikinta ya fito sosai. Ita nake ba kai da ƙashi, a dafa har ya narke, don ɗan ya zo da ƙashi mai ƙarfi. Ki zo ki ga kumatunta.

Ki gaida maigidanki. Ki ce wa yara kakansu bai mutu ba.

Ni ne mahaifinki.

*

Zuwa ga Babana.

Amincin Allah ya tabbata a gare ka. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Auta da Kawu Tela. Yara suna gaishe ka.

Baba, a tsaye na karanta wasiƙarka, ban iya zama ba. Don Allah, don darajar Inna, kada Auta ta ƙara sa kifin nan a baki, ko romonsa.

Laka a ciki take da jikin fata, shi ya sa ruwan rijiya ke fitar da ita. Wannan abin ya riga ya zama naman kifin. Iri biyu ne suka fi damun mu. Na farko sunansa siziyam. Yana kama da wani gishiri da jikin kowane mai rai ke buƙata, kuma ruwan tafki ba shi da wannan gishirin da yawa kamar ruwan teku. Saboda haka kifin tafki duk abin da ya yi kama da shi sai ya ƙwace ya ɓoye a cikin tsoka, ba ya saki da wuri. Na biyun sunansa sitirontiyam, jiki yana ɗaukar sa a matsayin abin gina ƙashi, ya kai shi ƙashi da ƙaya. Wanda ya shiga nama sai an yi wata da watanni yake raguwa. Wanda ya shiga ƙashi shekaru yake yi.

Gaskiyarka, ruwa ya washe. Abin ya kwanta a laka ne, kuma tafkinmu ba shi da mafita. Tsutsa ta ci laka, ƙaramin kifi ya ci tsutsa, babbar tarwaɗa ta ci ƙananan kifi ba iyaka, ta tara na kowa a jikinta. Tsofaffin da kake zaɓa su suka fi kowa ɗauka. Wuta ba ta kashe shi. Bandar kifi kuwa ruwan naman kawai take ƙonewa, ta bar shi a dunƙule. Kai da ƙashin da kake ba Auta su ne mafi muni, domin jikinta yana gina ƙashin ɗa a yanzu.

Ban ce lallai wani abu ya samu ɗan ba. Ban sani ba. Amma kowane kwano ƙari ne. Ka turo min ita, akwai na'urar da ke auna mutum a asibitin kusa da mu.

Batun taro, na san na ɓata maka. A makon taron na auna kifin da yaran makarantar suke ci, ban ga hanyar yin shiru ba. In ka ƙi jin wannan ma, zan yi abin da zai fi wancan ɓata maka rai, kuma ba zan ba da haƙuri ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka.

*

Zuwa ga Uwata.

Sallama, don Musulunci ya ce a yi. Gaisuwa kuwa sai ki nema wurin Dogo, tunda shi ne ubanki yanzu.

Kin cika alkawari. Jiya da hantsi ina gyaran taru a zaure sai ga Dogo da kakin masu gadin tafki, wandon bai kai masa idon sawu ba, usur na lilo a wuya. Dogon da na koya wa riƙe filafilin tuƙa jirgi. Dogon da na tsamo da gashin kai ranar da jirginsu ya kife. Ya tsaya yana sosa ƙeya.

Na ce, "Dogo, sanda ce ta maƙale maka a wuya? Ba gaisuwa?"

Ya ce, "Ina kwana, Baba. Wallahi aiko ni aka yi."

Na ce, "Ai na gani. Kare ma ba ya zuwa farauta don kansa."

Ya ce wai takarda ta zo daga sama, a ɗauke taru da ƙugiyoyi, a sa wa jirgi sarƙa. Na ce daga wane saman? Ya ce, "Daga ɗakin gwaji." Auta ta fito da tsintsiya a hannu ta ce, "Yaya Dogo, da wannan ɗan wandon za ka kama Baba? Ka bari Kawu Tela ya sake maka ƙafar wandon tukuna." Unguwa ta cika ƙofar gida ana dariya, amma tarun ya tafi. Tarun da innarku ta taya ni saƙawa. Kwamin ne kawai bai taɓa ba, ya ce takardarsa ba ta ambaci bayan gida ba. Ko a nan ya fi ki kunya.

'Yar da na haifa ta kai ƙarata. Tela ya ce in sassauta, na ce ya rubuta ko in tafi wurin mai gyaran rediyo.

Na sa an karanta min takardarki sau biyu. Wai kifi ba ya bambanta gishiri da guba. Kifin da ke gane ƙugiya a cikin tsutsa? Wai manya sun fi ƙanana ɗauka. To me ya hana su mutuwa? Suna nan suna iyo a kwami, in na jefa yatsa sai sun nemi cire shi. Abin da ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano, ba ya kashe mai ɗauke da shi, ba wanda ke jin sa sai akwatinku. Mai akwatin kuma shi ke cin albashi in akwatin ya yi kuka. Masu tashar da suka yi ɓarnar an sa wa motocinsu sarƙa? An aika musu Dogo? Ƙarfinku a kan mai jirgin katako ya ƙare.

Kun auna ruwa, kun auna kifi, kun auna har madarar awakin mutane. Yanzu ni zan auna ku. Ga ƙunshi uku nan na ba yaron mota ya kawo miki. Duka tarwaɗa ce babba, na yi musu banda a wuta ɗaya, na cire kai, na yanka daidai wa daida, da ƙashinsu. Tela ya ɗaure ɗaya da baƙin zare, ɗaya da fari, ɗaya da kore. Ba duka ne daga tafki ba. Daga ni sai shi muka san asalin kowanne, kuma na sa ya rantse. Ki ba gyarenki ya shinshina. In ya yi kuka a inda bai kamata ba, zan sa a karanta amsarki a teburin mai shayi, da lasifika.

Auta ba ta zuwa ko'ina. Wa zai ɗiga min maganin ido? Ke? Amma na ce ta dakata da kifin har amsarki ta zo, don kada ki ce na yi miki maguɗi. Ƙwai take ci tana ɓata fuska.

Na bar ki lafiya.

Mahaifinki, wanda aka kai ƙara.

*

Zuwa ga Babana.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ko ka amsa ko ba ka amsa ba. Na gode da ka dakatar da Auta. Wannan layin kaɗai na karanta wa maigidana.

Ni na rubuta takardar da Dogo ya zo da ita. Ban ɓoye ba. Tarun yana ajiye a ofis, na sa an rataye shi inda ɓera ba zai kai ba.

Ban auna ƙunshin da hannuna ba, don kada ka ce na sa son rai. Na ba abokin aikina wanda bai san ka ba, ban gaya masa komai ba. Ya raba nama daban, ƙashi daban. Na ƙashi ne ya ja lokaci, shi ya sa amsa ta yi jinkiri.

Mai koren zare ba shi da komai. Ko jikokinka zan iya ba su.

Mai baƙin zare ya ninka iyakar da aka yarda mutum ya ci sau da yawa, nama da ƙashi.

Mai farin zare namansa ya ɗan yi ƙasa da na baƙin, kaɗan, ba yadda za a ci ba. Ƙashinsa kuwa daidai yake da na baƙin. Abokin aikina ya tambaye ni a ina aka samo shi, ya ce a gaya wa masu shi su daina. Na ce masa ana kan gaya musu.

Ban san asalin kowanne ba. Kai ka sani. Ka kai wannan takarda teburin mai shayi in ka ga dama, ni ba gasa nake da kai ba. Baba, ka faɗa min tun yaushe Auta take cin kai da ƙashi. Likita zai tambaya. Ka turo ta, na gyara mata ɗakin yara.

Allah ya huci zuciyarka.

'Yarka.

*

Zuwa ga Uwata.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ki gaida mutanen gidanki.

Tela ya karanta min amsarki, da ya kai kan zare sai ya cire tabarau ya hau goge shi da bakin riga, ya ƙi dubana. Na ce, "Ka ci gaba, ba gawa aka aiko maka ba."

Koren daga gonar kifin wani mutum na sa aka sayo, can nesa, inda ruwan burtsatse suke sha, abincin buhu suke ci. Baƙin a ranar da na yi bandar na kamo shi da ƙugiya ɗaya da Dogo bai gani ba. Farin shi ne wanda ya fi kowa daɗewa a kwami. Ni na riƙa ja masa ruwa da wannan bayan nawa, guga bayan guga, har igiya ta cinye min tafin hannu. Shi na ware wa Auta don ranar da za ta sauka.

Kada ki ɗauka na ce kin yi daidai. Ba ki yi daidai ba a taro, ba ki yi daidai ba da kika aiko min Dogo, kuma kifin gwangwaninki har gobe ba abinci ba ne. Kwami bai taɓa yi wa gidanmu ƙarya ba. Ya fitar da laka, ya fitar da warin man inji shekarar da tanka ta faɗa ruwa. An kawo masa abin da ba a halicce shi don shi ba ne. Wane irin mugu ne zai ƙera dattin da ruwa ba ya wankewa, wuta ba ta ci, sannan ya zuba shi a tukunyar mutane ya koma gida ya ci abincinsa? Ki ba ni sunan mutum ɗaya a tashar nan. Ɗaya tak. Ina da maganar da zan sa Tela ya rubuta masa, in alƙalaminsa zai ɗauka.

Kin tambayi tun yaushe. Tun kafin cikin ya fito. Ba kullum ba, amma kusan. In ta ce ta ƙoshi ni ke cewa ta ƙara don ɗan.

Na ce mata ta haɗa kaya. Ta zauna a kan turmi ta ce ba inda za ta.

Ta ce, "Baba, in na tafi wa zai dafa maka? Shayi ma sai ka ƙona."

Na ce, "Kafin a haife ki iska nake ci?"

Ta ce, "Inna kake da ita. Maganin idon fa? Rannan a hanci ka ɗiga."

Na ce, "Hancin ya daina gani ne?"

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, ta dafe ciki ta ce, "Baba, wani abu zai same shi ne?" Shekaruna nawa a kan ruwa, an tambaye ni iska, an tambaye ni hadari, ban taɓa rasa amsa ba. Na daka mata tsawa na ce gidana ne, na gaji da ganin ta, ta tafi wurin yayarta mai ilimi. Tun lokacin ba ta yi min magana ba. Tana ɗaki tana jefa kaya a jaka da ƙarfi don in ji. Kin raba ni da tafki, kin raba ni da taru, ga ta uku nan tafe. Sai ki zuba ruwa a ƙasa ki sha.

Mahaifinki.

*

Uwata,

Sallama. Auta tana cikin motar safe, kujerar gaba, na ce wa direban in ya faɗa rami da ita zai gamu da ni. Ba ta yi min sallama ba. Ki tare ta a tasha, ƙafafunta sun kumbura.

Kifin da ya rage ba mai cin sa sai ni. Kin ce shekaru yake yi a ƙashi, to ya zo mu ga wanda zai riga wani. Kada ki aiko kowa.

Ki sa ta a na'urar nan ranar da ta iso, ba washegari ba. Abin da na'urar ta ce ki rubuto min shi yadda yake, kada ki rage komai don ni tsoho ne. Ina shagon Tela kullum lokacin da mota ke shigowa.

Allah ya sauke ta lafiya.

Mahaifinku.